Laya a Tsakanin Kusoshi Uku

Babu daular da ta taɓa tsayawa a bayan ƙasa sai da maɗauri. Littattafan tarihin da na yi shekaru ina karanta wa 'ya'yan mutane cike suke da sarakuna da ganuwa da igwa, har da igwar da kakanninmu suka ƙera a nan Damagaram, amma ban taɓa cin karo da shafi guda da ya ambaci mutumin da ya daidaita wa mayaƙi hularsa don kada ta hana shi gani ba. Alhali mayaƙin da hularsa ta hana shi gani, ko jikan waye shi, makaho ne da aka ɗora wa makami. Na daɗe da wannan ra'ayi. Ban sami inda zan gwada shi ba sai bayan da na ajiye alli.

Mu dukawa ne a Birni tun kakan kakana. Ni kaɗai aka fizga aka kai lakwal, na fito malamin makaranta, na koyar a Dogo da Gouna da wasu garuruwan da babu abin tunawa a cikinsu sai zafin kwanon aji. Har yau, ko a gidan makoki, Mushe ake ce mini, yadda ake kiran malamin lakwal. Da na yi ritaya na rasa abin da zan yi da hannuwana, sai na kakkaɓe rumfar mahaifina, na ɗauko tsinkensa da basillarsa, na koma ɗinkin fata: kube, jaka, layu in an kawo. Ido ya gaji, baya ya gaji, amma fata ba ta tambayar mutum shekarunsa.

A wata bazara, da hantsi, ɗan yayata ya zo rumfar da buhun shinkafa a hammata. Soja ne, kapural, magidanci mai 'ya'ya biyu, irin mutanen da ba sa zama sai an ce su zauna.

"Kawu, aiki na kawo."

"In takalmi ne, ka san ba na taɓa na gwamnati."

"Ya fi takalmi."

Ya zazzage buhun, hular kwano ta faɗo a kan tabarma. Su kaski suke ce mata. Ba irin wadda na sani a da ba ce, mai kama da tukunyar da aka kife. Wannan a goshinta akwai ɗan farantin ƙarfe da kusoshi uku na murɗawa suka riƙe. A jikin farantin ake maƙala wani hannu mai gwiwa, a ƙarshen hannun kuma ake rataya tabarau na ganin dare. Hannun yana hawa, yana sauka, yana matsowa kusa da ido, yana ja baya, sai dai kowane motsi da iyakarsa. A cikin hular an jera 'yan soso, kowanne manne da irin ƙyallen nan mai kama kamar ƙarangiya. A ƙeya akwai ɗan aljihu na sa nauyi, don kada tabarau ya rinjayi kai zuwa gaba.

Sai ya ɓanɓare soson goshi, ya ciro abin da ke ƙarƙashinsa ya miƙo mini. Laya ce, jar fata, kaurinta ya kai sabulun da aka yi rabin wanki da shi.

"Inna ce ta karɓo a Gaffati," in ji shi. "Malam ya ce a goshi za ta zauna. Ta sa na dafa kanta na yi alkawari."

"To, ai ga ta a goshi."

"Ga ta a goshi, Kawu. Ni kuma ba na gani."

Ya kifa hular ya nuna mini. Da layar a ciki, goshin hular yana ɗagawa kamar faɗin yatsa biyu, hular ta kwanta baya. Ya sauke hannun ƙarfen har ƙarshen iyakarsa, amma inda gilashi zai tsaya bai wuce girarsa ba, kuma sama yake kallo. Ya ce ranar da aka gwada musu, abin da ya samu ɗan yanki ne kamar jinjirin wata. In yana son ya ga ƙasa sai ya manna haɓarsa a ƙirji.

"Taurari kam na gan su sarai," ya ce. "Ramin da ke gaban ƙafata ne ban gani ba."

Saura kwana tara a tura su gabas, can inda ake tafiya a ƙasa bayan rana ta faɗi, shi kuma yana cikin masu shiga gaba. In ya cire layar ya karya alkawarin uwarsa. In ya bar ta ya tafi da rabin ido. Bai zo neman shawara ba, wannan ya sami da yawa a bariki. Baduku ya zo nema.

Na fara da hanya mafi sauƙi, wato mafi wauta: na je wajen uwar. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ta girme ni da shekara shida, kuma tun ranar da aka kai ni lakwal take kallona kamar wanda ya dawo daga doguwar jinya bai gama warkewa ba. Na same ta tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Kapural ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa.

"Yaya, batun layar nan."

"Wancan ne ya aiko ka?"

"Ni na aiko kaina. Akwai aljihu a ƙeyar hular, kamar don ita aka yi shi. In aka mayar da ita can, har nauyinta zai yi amfani."

"Ƙeya." Ta ci gaba da ɓara. "Ka taɓa ganin wanda ya yi sujada da ƙeya?"

"Ba zai ga hanya ba, Yaya."

"Da na haife shi da gilashi ya zo? Idon da Allah ya ba shi fa?"

"A duhu ne."

"Shi duhun yau aka fara shi? Malam ya ce goshi. Kai da ka ɗinke wa rabin Birni layu, sai ta ɗan gidanku ce za ta gagare ka? Ko ita ma sai an rubuto maka da Faransanci?"

Na buɗe baki in yi mata bayanin nauyi da rinjaye, irin wanda na sha yi wa 'yan aji shida da ruwula da fensir. Sai na lura gyaɗar tana kuɓuce mata a cikin ƙwaryar. Na rufe bakina. Ta san sarai inda za a kai shi. Layar nan ita ce kaɗai abin da aka bar ta ta yi.

Na koma rumfa na fara aiki. Tabarau ɗin ba ya fita daga bariki, don haka na ƙera nasa na wucin gadi: gwangwanin tumatir guda biyu, na yanke gindinsu, na ɗaure su da waya a jikin hannun ƙarfen, na rataya musu ƙullin yashi har sai da kapural ya ɗaga ya ce nauyin ya yi kusa. Ya bar mini wata 'yar takarda mai hotuna da ta zo da hular. Da Ingilishi aka rubuta ta, wanda ba na ji, amma hotunan sun isa. Kan da aka zana a ciki sumul yake kamar ƙwai, kuma a bayyane yake cewa mai wannan kai ba shi da uwa.

Kwana biyu ina sauya wa soso wuri. Na mayar da na gefe gaba, na ƙara na ƙeya, na tsuke maɗaurin haɓa, na sassauta. Da yake mai hular yana bakin aiki, a kaina nake gwadawa. Telan da ke rumfar kusa da tawa ya leƙo ya gan ni zaune da hular soja da gwangwani biyu a ido.

"Mushe, yaƙin da wa za a yi? In da masu tumatir ne, ka gaya mini in rufe shago."

Wuyana ya riga ya ƙage. Duk yadda na juya, lissafin ɗaya ne. In gaba ya sauka, layar ta danne goshi kamar dutse. In goshi ya huta, gwangwanayen suna kallon rufin rumfa.

Rana ta uku na farke fatar layar. Nan na gane rabin matsalar. Yayata ba ta yarda da ɗinki ɗaya ba: fata uku na samu, wata kan wata, aikin hannu uku daban-daban, na ƙarshen ma na gane mai shi, kuma ban yi mamaki ba. Da na kware su duka sai ga ainihin abin, takarda naɗe da farin zare, dunƙulalliya kamar ƙwayar sukarin kwali. Ta ragu, amma ƙwayar sukari a tsakanin ƙarfe da ƙashin goshi ba ƙaramin abu ba ne. Kapural ya sa ta na awa guda da yamma, ya cire da rami a goshinsa da jan ido.

Abin da ya rage shi ne a warware zaren, a shimfiɗa takardar, a sake naɗe ta da faɗi. Minti biyar zai ɗauke ni. Sai dai a gidanmu doka ɗaya ce aka fara koya mana tun kafin riƙon tsinke: baduku rufewa yake yi, ba ya buɗewa. Fata tamu ce, zare na malam ne. Ni da na ƙare rayuwata ina warware 'yan takardun da yara ke miƙa wa juna a ƙarƙashin tebur, ina karanta su da ƙarfi a gaban aji, na zauna yini guda da wannan a tafin hannuna da aska a gefe. Ba zan ce tsoro ba ne, ba kuma zan ce imani ba ne. Na dai san in na yanke zaren nan, ranar da Yaya ta tambaye ni sai na yi mata ƙarya, ita kuwa tun ina tsirara take gane ƙaryata.

Washegari na hau kabu-kabu zuwa Gaffati, hular a buhunta. Ba nisa ba ne, amma ƙashin bayana ya ƙirga kowane rami. Na sami malamin a zaurensa, tsoho siriri, yana gyaran ƙotar hauya, don an fara ganin hadari a gabas. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan na zazzage buhun.

Ya juya hular, ya ƙwanƙwasa ta, ya lanƙwasa hannun ƙarfen sama da ƙasa sau da yawa fiye da yadda bukata ta kai.

"Wannan abin da ake ratayawa, da gaske yana gani a duhu?"

"Haka suka ce, Allah gafarta malam."

"Ikon Allah. To me kuma suke nema a wurina?"

"Uwarsa ce ke nema."

"Haka ne," ya ce. "Kullum su ne."

Na yi masa bayani, wannan karon ba ruwula. Ya saurara har ƙarshe, abin da ban taɓa samu a aji ba. Ya ce rubutu ba shi da kauri, naɗi ne ke da shi, kuma shi ya naɗe ta haka ne don ya zaci a rawani za a sa ta. Zai sake naɗewa da hannunsa. Sharaɗinsa ɗaya: kada ƙarfe ya huda ta.

Na leƙa cikin hular. Ƙarshen kusoshin nan uku suna ɗan ɓullowa ta ciki, ɗaya a sama, biyu a ƙasa, sun bar fili a tsakaninsu wanda bai kai tafin hannun jariri ba. Na tsinke kara daga dangar zauren, na auna tsawo, na auna faɗi, na miƙa masa guntaye biyu.

"Kada ta wuce wannan."

"Kai ma malami ne, ashe," in ji shi. Ya juya mini baya. Kafin ya fara ya turo mini takalminsa da ƙafa. "Tunda ga baduku har gida."

Haka muka zauna baya da baya, shi yana naɗi, ni ina ɗinke masa maɗaurin takalmi. Da ya juyo, abin da ya sa a hannuna bai fi kaurin ganyen kuka biyu ba.

Sauran aikin nawa ne, kuma shi ne aikin da na fi yi da kyau tun da na koma sana'ar. Na zaɓi fatar akuya mafi laushi, na kankare ta har ina ganin inuwar yatsana ta bayanta. Na rufe layar da ɗinki sirara, na tsaga soson goshi ta gefe, na yanke daga cikinsa daidai kaurin abin da zan sa, na zura ta, na ɗinke da baƙin zare. Sau huɗu ina farkewa, don in ta goce kaɗan sai ta hau kan kusa. Mahaifina da zai gama wannan kafin azahar. Ni kwana biyu na yi, ina cire tabarau nawa ina goge ido, ina zura zare sau goma kafin ya shiga. Da na kifa hular a kaina, gwangwanayen suka tsaya daidai idona, na hango tela yana cin goro.

Gwangwani dai gwangwani ne. Sai an gwada da na gaske. A nan ne tsufa a aikin koyarwa ya yi rana: ajidan ɗin, wato babban kurtun da ke riƙe da makullin magaza, ɗakin da suke ajiye kaya, ɗalibina ne a Gouna. A lokacin yaro ne da bai taɓa gama dikte, wato shifta, ba tare da takardarsa ta koma ja da gyara ba. Yanzu ya yi tumbi da gashin baki, mutane suna ƙamewa in ya wuce. Da ya gan ni a ƙofa sai ya cire hannu daga aljihu.

"Mushe! Lafiya?"

"Hular kapural na gyara wa soso. Ina son in ga ko ta zauna."

Da tsakar rana ne. Ya shigar da mu magaza, ya ja ƙofar ƙarfe, ya toshe ƙasanta da buhu. Duhu ya rufe mu, da zafi, da warin roba. Na ji ƙarar maƙalawa, ƙyas, sannan 'yan ƙananan ƙararraki, kapural yana sauke hannun, yana matso da shi.

"Me ka gani?" na tambaya.

Ƙananan ƙararrakin suka ci gaba.

"Kai, da kai nake."

"Ina ganinka duka, Kawu. Har takalminka. Kore shar gilashin ke nuna ka."

"Ƙasa fa?"

"Ga tururuwa nan tana wucewa kusa da ƙafar mon ajidan."

Ya yi tsalle, ya durƙusa, ya girgiza kai hagu da dama. Na ji shi yana zagaya ɗakin da sauri, bai yi karo da komai ba. Daga nan suka kifa mini ni ma. Na ga kantoci, na ga akwatuna, na ga fuskar ɗan yayata kamar ta wanda ke ƙarƙashin ruwan tafki, idanunsa suna ƙyalli. Ban ji daɗin ganinsa haka ba. Na ce su cire mini, wuyana ba zai ɗauka ba.

Da aka buɗe ƙofa ajidan ya karɓi hular, ya kife ta, ya bi soson da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda aikinsa ya ce. A na goshi yatsan ya tsaya. Ya danna. Ya sake dannawa.

"Mushe, wannan ya fi 'yan'uwansa tauri."

"Ɗinkin hannu ne."

"Ɗinkin hannu." Ya dube ni. "A da, in na ɓoye abu a cikin littafi, kunnena ne ke amsa tambaya."

"A da ina da ƙarfin hannu."

Ya yi dariya har tumbinsa ya motsa, ya miƙa wa kapural hularsa. Da yake raka ni ƙofa ya rage murya.

"Rabin mutanena sama suke kallo, Mushe. Na cire, su mayar. Na cire, su mayar. Ba za ka zo ka zauna mana kwana biyu ba?"

Na ce masa idona ya ƙare a kan guda ɗaya. Gaskiya na faɗa.

Daga bariki gidan Yaya na wuce. Tana zaune inda na bar ta, kamar ba ta tashi ba duk kwanakin.

"Goshi?" ta ce.

"Goshi."

"Ba ka buɗe ba?"

"Malam ne ya naɗe da hannunsa. Ki aika a tambaye shi."

Ta daɗe tana kallona, tana neman ƙaryar, ba ta samu ba. Sai ta cika ƙwarya da gyaɗa ta turo gabana, ta ce in kai wa iyali. A tsawon rayuwarmu wannan ne yabo mafi girma da ya taɓa shiga tsakaninmu, kuma na ɗauke shi da hannu biyu.

Suka tafi ranar da aka ce. Damina ta sauka, ni kuma na yi mako guda ba na iya waiwaye sai in juya da jikina duka. Yaya ta koma cin abinci. In an tambaye ta labarin wancan, sai ta ce yana cikin tsari, da muryar wadda ta san abin da take faɗa.

Sai da gero ya fara fitar da kai sannan ya sami inda waya ke kamawa ya kira ni. Muryarsa tana zuwa tana ɗaukewa. Ya ce lafiya lau, sai sauro da rashin barci. Na tambayi abinci, na tambayi ƙafarsa, sannan na tambayi abin da tun farko nake son tambaya.

"Hular fa? Ba ta danna maka goshi?"

Sai ya yi ƙasa da murya.

"Kawu, kada ka gaya wa Inna."

Ban gaya mata ba, har yau. Ashe ana gobe za su tashi aka tara hulunan duka a tsakar bariki aka fesa musu fenti mai launin yashi, da suka bushe aka sake rabawa yadda hannu ya kai. Tasa wani ne ya tafi da ita.